Vesak: Ranar da Mabiya Buddha Suka Haɗa Haihuwa da Farkawa da Mutuwa

A shekarar 2023 mutanen Japan sun yi bikin haihuwar Buddha ranar 8 ga Afrilu. Siri Lanka da Indiya suka yi nasu ranar 5 ga Mayu, Koriya ta Kudu ta yi ranar 27 ga Mayu, Tailan kuwa sai da ta jira har 3 ga Yuni, Indonesiya ta biyo baya washegari. Mutum ɗaya duk waɗannan ƙasashe suke tunawa, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai kusan wata 2. Wanda ya bi diddigin wannan saɓani zai tarar cewa ranar da duniya ta fi sani da suna Vesak tana ɗauke da tambayoyi da dama a cikinta: me ake tunawa, da wane lissafi ake gano ranar, wa ya mayar da ita hutun gwamnati, kuma wane irin aiki ne ya dace a yi a cikinta. Tambaya ta ƙarshen ce ta fi nauyi, domin su kansu mabiya addinin sun daɗe suna ja-in-ja a kanta.

Mutumin da ake magana a kansa shi ne Siddhartha Gautama, ɗan wani shugaba na ƙabilar Sakya mai suna Suddhodana, wanda aka haifa a lambun Lumbini da ke kudancin Nepal ta yau, dab da iyakar Indiya. Ruwayoyin mabiyansa sun ce ya tashi cikin daula, ya yi aure har ya sami ɗa, sannan yana ɗan shekara 29 ya bar gida bayan ya yi ido huɗu da tsufa da ciwo da mutuwa, abubuwan da aka yi ta ɓoye masa a fada. Ya shafe shekara 6 yana neman sanin dalilin da ya sa rayuwa ba ta rabuwa da wahala, da kuma inda mafita take. Ya zauna gaban malamai bai gamsu ba, ya azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, daga bisani ya yanke hukuncin cewa wannan ma ba hanya ba ce, ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata, ya je ya zauna ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a wurin da yanzu ake kira Bodh Gaya, cikin jihar Bihar. A nan ne mabiyansa suka yi imani ya kai ga farkawa yana da shekara 35, kuma daga nan aka fara kiran sa Buddha, wato wanda ya farka. Ya yi shekara 45 yana yawon koyarwa a yankin kogin Ganges, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80.

A wurin mabiya mazhabar Theravada, wadda ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Myanmar da Tailan da Kambodiya da Laos, haihuwarsa da farkawarsa da mutuwarsa duk sun faɗo a rana ɗaya ta shekara, wato ranar cikar watan Vesakha na kalandar Indiya ta dā, wanda galibi yakan dace da Mayu. Cikar wata a nan tana nufin lokacin da farin wata ya cika da'ira, ba ƙarshen watan ba. Kafin a fahimci dalilin haɗa bikin haihuwa da ranar mutuwa ba tare da makoki ba, sai an san yadda addinin yake kallon rayuwa. Aƙidarsu ita ce duk mai rai yana cikin zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, ayyukansa ne suke jan sa daga wannan rayuwa zuwa waccan, kuma abin da ke hura wutar zagayen shi ne kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci. Abin da suka ce Gautama ya gano a daren farkawa shi ne gaskiya huɗu: akwai wahala, wahalar tana da sanadi, sanadin yana iya yankewa, kuma akwai tafarki mai rassa takwas da ke kai wa ga yankewarsa. Saboda haka haihuwarsa a Lumbini ita ce haihuwarsa ta ƙarshe, farkawarsa ita ce mutuwar waccan wutar, abin da suke kira nibbana, rasuwarsa a Kushinagar kuma ita ce fita gaba ɗaya daga zagayen, wadda suke kira parinibbana. A idonsu al'amari ɗaya ne mai matakai uku, kuma na ukun ne ya tabbatar da na biyun.

Akwai wani abu da ke rikita na waje. Addinin Buddha bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, kuma littattafan Theravada ba su ɗauki Buddha a matsayin mai jin roƙo ko mai biyan buƙata ba. Malami ne da ya gano hanya, ya nuna ta, ya tafi ba dawowa. Don haka malamansu sukan ce rusunawa gaban mutum-mutuminsa girmamawa ce da tunatar da kai. Sai dai duk wanda ya san yadda jama'a suke zai fahimci cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da ke zuciyar tsohuwar da ta kawo furanni tana fatan jikanta ya ci jarrabawa daban. Mazhabar Mahayana ta Sin da Koriya da Japan ma ta buɗe ƙofar roƙo da neman agaji fiye da haka nesa ba kusa ba.

Shin da gaske al'amuran uku sun faru a rana ɗaya? Tsofaffin nassoshin Pali, harshen littattafan Theravada, da suka ba da labarin kwanakinsa na ƙarshe ba su ambaci watan ba. Haɗa su a cikar Vesakha ya fito fili ne a littattafan sharhi da na tarihin Siri Lanka da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayansa. Bikin kansa dai tsoho ne, domin littafin tarihin Siri Lanka mai suna Mahavamsa ya lissafa bukukuwan Vesakha 24 cikin ayyukan alherin Sarki Dutthagamani, wanda ya yi mulki a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. Shekarun ma akwai saɓani a kansu. Lissafin Theravada ya sa mutuwarsa a 544 ko 543 kafin Miladiyya, kuma daga nan suke ƙirga shekarunsu, shi ya sa 2025 ta zama 2568 a takardun gwamnatin Tailan. Masana tarihi na zamani da yawa sun fi karkata ga wajejen 400 kafin Miladiyya. Wurin haihuwar ne ya fi samun shaida mai ƙarfi, saboda Sarki Ashoka na Indiya ya ziyarci Lumbini wajen 249 kafin Miladiyya, ya kafa ginshiƙin dutse da rubutun cewa a nan aka haifi Buddha, ya kuma sassauta wa ƙauyen haraji. An sake gano ginshiƙin a 1896, yana nan tsaye har yau.

Batun bambancin ranaku kuwa ya fi sauƙin warwarewa. Shekarar wata tana da kwana 354, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Kalandar Hijira ta bar giɓin yadda yake, shi ya sa azumi da salla suke zagaya damina da rani da hunturu. Kalandun ƙasashen Buddha kuwa suna cike giɓin ta hanyar ƙara wata guda kusan sau 7 cikin kowace shekara 19, don kada watanni su bar lokutansu. Matsalar ita ce kowace ƙasa da tsarinta na ƙarin, kuma ba lallai su ƙara a shekara ɗaya ba. A shekarar da Tailan ta ƙara wata, takan matsar da bikin daga cikar wata na shida zuwa na bakwai, abin da ya faru ke nan a 2023. Ƙasashen Mahayana kuma tun asali ba su haɗa al'amuran uku ba. A Sin da Koriya ana bikin haihuwa kaɗai ranar 8 ga wata na huɗu na kalandar gargajiya. Japan da ta koma kalandar Turawa a 1873 sai ta kwashe lambobin yadda suke ta ɗora a kan sabbin watanni: haihuwa 8 ga Afrilu, farkawa 8 ga Disamba, mutuwa 15 ga Fabrairu. Mutanen Tibet suna da nasu watan mai alfarma, Saga Dawa, wanda ranar 15 gare shi ce babbar rana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Vesak a matsayin hutun ƙasa mai tuta da jawabin shugabanni ba ta kai shekara 150 ba, kuma rikicin mulkin mallaka ne ya haife ta. A ranar Ista ta 1883 aka yi arangama a unguwar Kotahena ta birnin Colombo na Siri Lanka tsakanin wani jerin gwano na mabiya Buddha da mabiya ɗarikar Katolika. Mabiya Buddha suka ga gwamnatin Ingila ba ta yi musu adalci ba, suka kafa kwamiti, suka tura wani Ba'amurke da ya rungumi addininsu, Henry Steel Olcott, zuwa Landan da ƙorafe-ƙorafensu. Ɗaya daga cikin abin da suka samu shi ne Gwamna Arthur Gordon ya ayyana Vesak ranar hutu a 1885, kuma a bikin wannan shekarar aka fara ɗaga tutar Buddha mai launin shuɗi da rawaya da ja da fari da ruwan lemo. A 1950 aka kafa ƙungiyar haɗin kan mabiya Buddha ta duniya a Siri Lanka, taron ya roƙi gwamnatoci su mayar da cikar watan Mayu hutu, a 1952 kuma ƙungiyar ta karɓi tutar a matsayin ta kowa da kowa. Shekarar 1956, wadda ta cika 2500 a lissafin Theravada, ta ƙara wa ranar armashi, domin a Vesak ta shekarar aka rufe babban taron malamai na Rangoon a Myanmar da ya shafe shekara 2 yana bitar nassoshi.

Tutar nan ta taɓa zama sanadin faɗuwar gwamnati. A Mayun 1963 gwamnatin Ngo Dinh Diem ta Biyetnam ta Kudu, wanda shi ɗan Katolika ne a ƙasar da mabiya Buddha suka fi yawa, ta hana ɗaga ta a lokacin bikin. Ranar 8 ga wata jami'an tsaro suka far wa masu zanga-zanga a birnin Hue, aka rasa rayuka har da na yara. Ranar 11 ga Yuni wani dattijon mai zuhudu, Thich Quang Duc, ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon, kuma kafin ƙarshen shekarar sojoji sun hamɓarar da Diem.  A Disambar 1999 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ranar, bayan ƙoƙarin ministan harkokin wajen Siri Lanka na lokacin, Lakshman Kadirgamar, wanda shi kansa Kirista ne ɗan ƙabilar Tamil. A yau hutu ce har a Malesiya da Indonesiya, inda Musulmi suka fi rinjaye. Mabiya Buddha ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Indonesiya ba, amma tun 1983 ranar take hutun ƙasa, kuma jerin gwanon da ake yi daga haikalin Mendut zuwa Borobudur a tsibirin Java yana cikin mafi shahara a duniya.

To, me mai bin addinin yake yi idan ranar ta zo? A Siri Lanka tun da asuba mutane suke ɗunguma zuwa haikali sanye da fararen kaya marasa ado, mata da tsofaffi sun fi yawa, kowa da tabarmarsa. Ana farawa da furta neman mafaka ga abubuwa uku, wato Buddha da koyarwarsa da jama'ar masu zuhudu, waɗanda ake kira bhikkhu. A kullum ana son mabiyi ya kiyaye alkawura biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi alfasha, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. A wannan rana mai so yakan ɗauki takwas. Alkawari na uku sai ya koma ƙaurace wa jima'i baki ɗaya, a ƙara da barin cin abinci bayan rana ta take, da barin kiɗa da rawa da kallo da turare da kwalliya, da barin kwanciya a gado mai tsawo ko na alfarma. Manufar ita ce mai iyali ya ɗanɗani rayuwar mai zuhudu na yini ɗaya da dare ɗaya. Haka za su wuni zaune a ƙasa, suna sauraron wa'azi, suna karatu cikin harshen Pali, suna yin shiru mai tsawo suna lura da shigar numfashi da fitarsa. Gwamnati kuma takan ba da hutun kwana 2, ta rufe mashaya da mayanka, ta yi wa wasu fursunoni afuwa.

Abubuwan da ake kaiwa gaban mutum-mutumin kowanne da darasinsa. Fure yana da kyau da safe, ya yanƙwane da yamma, don haka mai ajiye shi yakan karanta baitin da ke tunatar da shi cewa jikinsa ma haka zai yi. Fitilar mai tana nuni da ilimin da ke korar duhu, ƙamshin turaren tsinke kuma yana nuni da kyakkyawan hali. A Tailan da magariba jama'a sukan riƙe kyandir da tsinken turare 3 da furen lotus mai kama da bado, su zagaya babban ɗakin ibada ko ƙubba sau 3, suna barin ginin a hannun damansu, kowane zagaye don ɗaya daga cikin mafaka ukun nan. A Myanmar, inda watan Kason yake zuwa a tsakiyar zafin bazara, mutane sukan ɗauko ruwa a tukwanen ƙasa su zuba a gindin bishiyar Bodhi, irin wadda Buddha ya farka a ƙarƙashinta, aikin da ya haɗa girmamawa da ceton bishiyar daga ƙishi. A Sin da Koriya da Japan kuwa wanka ake yi wa ɗan ƙaramin mutum-mutumin jariri mai nuna sama da hannu ɗaya, ƙasa da ɗayan, kowa ya ɗebi ruwan ƙamshi da ludayi ya zuba masa. Japanawa da wani shayi mai zaƙi suke yi.

Idan dare ya yi sai ranar ta sauya kama. Titunan Colombo sukan cika da fitilun takarda da aka ɗaura a kan firam ɗin gora, yara da iyayensu sun yi makonni suna haɗa su. A manyan mahaɗar hanyoyi ana kafa wasu dogayen allunan ado da ake kira thorana, masu dubban ƙwayayen lantarki, kowanne yana ba da labari ɗaya cikin labarai 547 na rayuwar da aka ce Buddha ya yi kafin ta ƙarshe, lasifika tana rera labarin ana kallon hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma rumfunan sadaka da ake kira dansal, inda 'yan unguwa ko 'yan kasuwa ko direbobin keke mai ƙafa uku suke haɗa kuɗi su dafa shinkafa da miya, ko rogo, ko shayi, samari su tsaya bakin titi suna kaɗa tuta suna tare motoci, suna roƙon mutane su sauko su ci kyauta, ba a tambayar addinin kowa. Abin ya yi yawan da sai an yi wa rumfa rajista wurin jami'an duba-gari kafin a buɗe ta. A Seoul ma bikin fitilu na Yeondeunghoe ya zama abin kallon duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2020.

A nan ne gardamar take. Duk shekara akan sami malaman da ke kukan cewa fitilu da kasuwanci da yawon kallo sun danne manufar ranar, kuma hujjarsu daga labarin mutuwar Buddha suke ɗauko ta. Nassin Mahaparinibbana ya ce lokacin da ya kwanta tsakanin bishiyoyin sal biyu a Kushinagar, bishiyoyin sun yi fure ba a lokacinsu ba, furannin suka yi ta zuba a jikinsa. Sai ya shaida wa hadiminsa Ananda cewa ba da irin wannan ake girmama shi ba, wanda ya rayu bisa koyarwar shi ne ya girmama shi da gaske, namiji ne ko mace, mai zuhudu ne ko mai iyali. Daga nan malamai suka raba girmamawa gida biyu, ta kaya da ta aiki, suka fifita ta biyun. Masu kare shagalin kuma suna da abin faɗa, domin nassin nan dai shi ne ya ce a gina ƙubba a kan ragowar jikinsa a mahaɗar hanyoyi, kuma wanda ya kai fure ko turare can da zuciya ɗaya zai amfana. Ƙari a kan haka, kyauta ita ce matakin farko cikin ayyukan lada uku da addinin ya sani, kafin kiyaye hali da horar da zuciya. A ganina mai dafa shinkafar dansal bai saɓa wa komai ba, tunda yunwar da yake kashewa ta gaske ce. Shagalin ma ba ƙirƙirar zamani ba ne, don matafiyin nan ɗan ƙasar Sin, Faxian, ya tarar da jerin gwanon kekunan ado masu ɗauke da mutum-mutumi a birnin Pataliputra na Indiya tun farkon ƙarni na 5.

Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne al'adar sakin dabbobi. Tunaninta mai kyau ne: a sayi ran da aka nufa da yanka ko keji a 'yanta shi, don nuna tausayi da neman lada. Amma da buƙata ta yawaita sai ta haifi kasuwa. A ƙofofin haikali a Tailan da Kambodiya akan ga masu sayar da ƙananan tsuntsaye cunkushe cikin keji, waɗanda ba don komai aka kamo su daga daji ba sai don a sayar wa mai son saki. Da yawa sukan mutu tun kafin a kai su kasuwa, waɗanda aka saka kuma sun galabaita, wasu ma a sake kama su. Kifaye da kunkuru da aka shigo da su daga wasu nahiyoyi, idan aka zuba su a tafki, ko dai su mutu ko su cinye abincin na gida su kore su. Wato mai saye ya zama shi ne dalilin kamun da yake ganin yana warwarewa, abin da ya ci karo da alkawari na farko cikin biyar ɗin. A Singafo doka ta hana sakin dabbobi ba da izini ba, kuma hukumar kula da gandun daji takan baza ma'aikata da 'yan sa-kai a wuraren shaƙatawa da madatsun ruwa a kwanakin Vesak don hana mutane. Ƙungiyoyin mabiya Buddha da dama a can da Malesiya sun goyi bayan hanin, suna shawartar mabiyansu su bar cin nama a ranar, ko su tallafa wa gidajen kula da dabbobi, ko su ba da gudummawar jini, kuma haikalai da yawa yanzu sukan shirya karɓar jinin a harabarsu tare da ma'aikatan asibiti.